Kawu da Murhun Dir'iyya

Har yau in na shaƙi ƙaurin leda tana ƙonewa sai raina ya ɓaci, ko a bola ne ko a bakin titi. Abokan ɗakina suna cewa na cika riƙo. To, na cika ɗin. Bari in faɗi abin da ya faru, kowa ya yanke hukunci da kansa.

Shekarata ta huɗu ke nan a Riyad a lokacin, ina gadin wata istiraha a gefen Dir'iyya, irin gidan hutun nan da masu hali ke ginawa a bayan gari. Dabino wajen talatin, garken tumaki, ɗakina a bakin ƙofa, sai babban falon da suke kira majalisa. Mai wurin dattijo ne, shi ne kafilina, sunansa ne a kan igamata, wato takardar zamana a ƙasar. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da hakan ke nufi: in ya sabunta maka takarda kana nan, in ya ƙi ka fara ɗaure kaya. Tawa saura wata biyu ta ƙare. Mace ɗaya da 'ya'ya uku da mahaifiyata a gida, duk a jikin takardar nan suke ci.

Wanda ya yi mini hanyar aikin kawuna ne, wan mahaifiyata, direban dattijon sama da shekara ashirin. Ban taɓa musun alherinsa ba. Shi ma bai taɓa bari na manta ba.

Dattijon yana da ciwon ƙirji, likita ya hana shi kusantar hayaƙi. Shi kuwa in sanyi ya shigo, ba abin da yake so a duniya kamar a hura wuta bayan la'asar, ya zauna da tsofaffin abokansa ana zagaya gahawa da dabino. Ya ce zafin na'ura ba zafi ba ne. Shi ne babban ɗansa ya yi odar wani murhun itace daga ƙasar waje, baƙin ƙarfe mai ƙofar gilashi, sai da mutum huɗu suka ɗauke shi. Aka huda rufin majalisa aka fitar da bututu. Wanda ya girka shi ya zaunar da ni wuni guda yana koya mini, ɗan maigida na tsaye yana fassara abin da Larabcina bai kai ba.

Sirrin murhun yana sama, can ciki. Wani ɗan tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. In ya yi zafi sosai, hayaƙin da ya bi ta cikinsa ƙonewa yake yi, ya koma zafi maimakon ya fita ta bututu. Akwai mariƙi a gefe. In ka ɗaga shi, hayaƙi ya wuce kai tsaye zuwa bututu, in ka sauke, dole ya bi ta saƙar. Akwai kuma ɗan agogon zafi mai allura. Aikin bi da bi ne. Ka ɗaga mariƙi, ka buɗe iska duka, ka jera manyan itace a ƙasa, ƙirare a sama, ka kunna. Ka jira, wani lokaci rabin awa, har allura ta hau inda aka yi alama. Sannan ka sauke mariƙi, ka bar shi ya ɗan ci, ka rage iska. Daga nan harshen wuta sai ya kwanta, gilashi ya yi duhu, ka rantse wutar ta mutu. Amma in ka leƙa sama za ka ga saƙar ta yi jawur, majalisa ta ɗumame har sai mutum ya cire rigar sanyi, kuma itace huɗu su kai ka wuni. In ka fita waje ka dubi bakin bututu, ba hayaƙi ko ɗaya.

Dokar ita ce busasshen itace kawai. Ban da katako mai fenti, ban da kalanzir, ban da leda, ban da kwali mai ƙyalli. Waɗannan suna kashe saƙar, kuma in ta mutu ba a tashinta, sai dai a yi odar wata a jira. Ba a kuma buɗe ƙofa sai an ɗaga mariƙi. Ɗan maigida ya dube ni ya ce murhun nan amanata ce ni kaɗai, kada kowa ya taɓa. Na ce to.

Wallahi na so murhun nan. Ni da na tashi ina fifita wuta ido na hawaye, yau ga ni ina sarrafa ta da yatsa biyu. Duk Asabar da safe in ya huce, nakan share saƙar da burushi mai laushi, in kwashe toka in bar kaɗan a ƙasa. Dattijon ya daina tari a majalisa. Ran nan ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya ba ni lafiya, na ce a raina takarda ta sabuntu.

Sai Kawu.

Shi ke kawo cefane da hantsi ranar Alhamis da Juma'a, sannan ya koma ya ɗauko dattijon da yamma. Tsakanin nan yakan shiga majalisa ya miƙe ƙafa, ni kuwa ina can ina ba dabino ruwa ko ina share garke. Rana ta farko da na hura murhun da wuri ya tarar da gilashin ya yi duhu, ya ƙwala mini kira.

"Kai, zo nan. Wutarka ta mutu kana can kana hira da tumaki."

"Ba ta mutu ba, Kawu. Haka take ci."

"Haka take ci? Ina wutar? Nuna mini."

Na nuna masa allura, na nuna masa jan da ke sama. Ya yi tsaki. Ya ce wutar da ba ta da harshe ba wuta ba ce, Turawa sun sayar wa Larabawa akwatin ƙarfe, ni kuma an mai da ni mai gadin allura. Kafin in yi magana ya fizge ƙofar, mariƙi a sauke, hayaƙi ya bugo mana fuska. Ya sa sanda ya tona itacen har wuta ta tashi bal-bal. Ya ce, "Yauwa, ga wuta."

Na rufe ƙofar murhun na koma garke. Kawu ne.

Mako na gaba ya buɗe but ɗin mota ya ce in sauke kaya. Guntayen katako ne daga wurin ginin da ake ta yi a Dir'iyya, wasu abokansa mutanen Maraɗi da ke aiki a can suka tara masa. Wani da farin fenti, wani da siminti a jiki, wani da ƙusoshi. Ya ce haram ne a riƙa sayen itacen ƙasar waje ga wannan ana zubarwa. Na sunkuyar da kai, na zaɓi kalmomina ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, Allah ya ƙara girma, wannan murhun ba ya cin irin wannan. An ce fenti yana kashe shi."

"Wa ya ce?"

"Wanda ya girka shi."

"Ina hura wuta tun uwarka tana rarrafe. Yau kai za ka koya mini abin da wuta ke ci?"

Na kai katakon bayan garke na rufe da buhuna. Ya nemo abinsa. Ni ban gan shi yana sawa ba, amma ranar Asabar na tsinci ƙusoshi bakwai a cikin toka, da wani baƙin dunƙule a manne a ƙasan murhu. Na ɓanɓaro shi na shinshina. Leda! Irin yadda ake yi a gida, a cusa leda a ƙarƙashin itace a ƙyasta ashana don wuta ta kama da wuri. Ashe da na tafi sallar Juma'a na bar murhu a jere ban kunna ba, shi ya riga ni dawowa ya taya ni aiki.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne ina da baki. Lambar ɗan maigida na cikin wayata. Kalma uku sun isa. Amma yaya za a yi a ji a gida cewa na kai ƙarar wan mahaifiyata wurin Balarabe? Da wane ido zan dubi tsohuwa? Sai na koma yin dabara irin ta marasa ƙarfi. Na kulle majalisa, ya ce in ba shi makulli zai yi sallar walha a ciki. Na ba shi. Na ɗauke katakon na zubar a bola, ya kawo wani ya ce ɓarayi sun yi yawa a unguwar. Na sake roƙonsa a karo na uku, har da durƙusawa, ya ce tun da Balarabe ya dafa kafaɗata kaina ya kumbura.

Allura ta fara nauyin hawa. A da rabin awa take yi, yanzu ta koma awa guda. Jan da ke sama ya koma rabi. Na ciro saƙar na duba a rana, ramukan sun toshe da wani abu mai danƙo da burushi ba ya fitarwa, ga tsaga a gefe ɗaya. Na mayar da ita na ce Allah ya kai mu ƙarshen sanyi.

Bai kai mu ba. Wata Juma'a bayan la'asar dattijon ya zo da abokansa shida, ɗansa ma ya zo. Na hura wuta yadda aka koya mini. Na jira allura ta ƙi hawa. Mutane sun zauna, ana ta kallona, ɗan maigida ya ce me nake jira. Na sauke mariƙi da bisimilla. Ba a yi minti biyar ba hayaƙi ya fara tsatsowa ta gefen ƙofa, ya taru a rufi, ya sauko. Na ɗaga mariƙi da sauri, amma ina! Dattijon ya fara tari. Tari ya ƙi tsayawa. Ya riƙe ƙirji yana neman numfashi, fuskarsa ta canza, gahawa ta zube a kan kafet. Aka ciccibe shi waje, aka fesa masa maganinsa sau biyu kafin ya dawo daidai. Na tsorata ƙwarai, don ina son tsohon nan.

Da aka zaunar da shi a mota, ɗan maigida ya dawo majalisa. Bai ɗaga murya ba. Ya sa a kira mai girkawa ta waya, ya nuna masa cikin murhun ta bidiyo. Mutumin ya ce a tona toka. Na tona. Ƙusa ta fito, da wani guntun katako mai shuɗin fenti da bai gama ci ba. Ashe ko da safiyar ranar an taya ni aiki.

"Wa ya sa wannan?" in ji ɗan maigida.

Kawu na tsaye a bakin ƙofa, makullin mota a hannunsa. Na dube shi. Ban taɓa duban babba ido cikin ido haka ba. Shekara ashirin yake gidan nan, shi ya riƙa kai yaron nan makaranta. Da ya ce shi ne, bai sani ba, faɗa kawai za a yi masa, gobe a manta. Ya san haka, na san haka. Sai ya juya yana goge gilashin agogonsa da bakin riga.

"Ina tambayarka. Ban ce kada kowa ya taɓa ba?"

"Ka ce."

"To wa ya sa?"

"Ni ke kula da murhun," na ce.

Ya ce halas, wato magana ta ƙare. Da wata ya ƙare bai sabunta takardar ba. Ya ce ba zai kore ni gida ba saboda darajar Kawu, ya ba ni kwanaki in nemi wanda zai karɓi kafalata. Saboda darajar Kawu! Na samu wani ɗan kwangila ya karɓe ni da ƙyar. Yanzu bulo nake ɗauka, mu takwas a ɗaki ɗaya, abin da nake aikawa gida bai kai rabin na da ba. Babbar 'yata an cire ta daga makarantar da take an mayar da ita wata mai arha.

Na yi wata guda ban kira Kawu ba, shi ma bai kira ni ba. Ashe ya kira gida. Wata Juma'a da safe mahaifiyata ta bugo, ko gaisuwa ba ta bari na gama ba. Ta ce Yaya ya gaya mata komai. Sakacina ya kusa kashe masa maigida, na zubar masa da mutuncin shekara ashirin, shi ya yi ta roƙo har aka fasa kora ta, sannan don rashin kunya na ɗauke masa ƙafa. Tana magana tana kuka. Na buɗe baki na ce, "Inna, ba haka..." Ta ce in dai ita ta haife ni, kada rana ta faɗi ban je na ba shi haƙuri ba.

Na sauko daga masallaci na tari mota zuwa Al-Badi'a, inda yake haya. Na same shi a zaune da baƙi uku 'yan garinmu, suna cin shinkafa. Na cire takalmi na durƙusa a gabansu. Na ce, "Kawu, na yi kuskure, a yi mini haƙuri."

Ya gama tauna lomar da ke bakinsa, ya sha ruwa. Ya dubi baƙin, sannan ya dube ni. Ya ce ba komai, yaro ba ya rasa kuskure, ya yafe mini duniya da lahira.

Na ce na gode.