Allurar Inna

Shekarar da aka buɗe konkur, wato jarrabawar ɗaukar masu kula da taɓin hankali, mu biyu muka ba da suna daga gidan likitan Dakoro, ni da ɗiyar kawuna, gurbi kuma ɗaya ne. Wadda ta ci za ta tafi Yamai karatu, wadda ta faɗi ta ci gaba da wankin gyambo. Taubashiyata ce, tare muka yi karatu a lakkwal, tare muka sa farar riga, don haka bakinta ba ya jin nauyina.

Fannin magunguna shi ya ɗaure mini kai. Bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma gindin itacen bedi a bayan farmasi da littafi ɗaya. Ni zan yi ta nanata haloferidol da amitiriftilin har harshena ya gaji, wanne ke kwantar da ruɗu, wanne ke ɗaga mai baƙin ciki, waɗanne ba a haɗawa, washegari duk sun cakuɗe. Ita kuwa gujiya take ɓara. In muka kai shafin illolin magani ma rufe littafin take yi. Sai ta ce wuya ke fara sanƙarewa, hannu ya riƙa rawa da ludayi, baki ya bushe har goro ya ƙi taunuwa. Babu ludayi ko goro a littafin, amma da ta faɗa sai abin ya zauna. Nakan yi murmushin dole.

Wata rana na kasa daurewa na tambaye ta inda take samo wannan.

"Wurin Gwaggo mana," in ji ta. "Ke mi kika sani, ɗiyar fari?"

Gwaggonta ita ce mahaifiyata. Ni ce ta fari a ɗakinta, kuma Inna ta riƙe kunyar fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, in tana da magana da ni sai ta faɗa wa wani ina tsaye. Bayan rasuwar Baba barci ya ƙaurace mata, ta fara amsa muryoyin da ba wanda ke ji, lokotoro, babban likita a Maraɗi, ya rubuta mata allura duk wata. Na zo da sirinji ina ganin aikina ne, ta ja mayafi ta ce a kira mata ɗiyar ƙanenta. Tun daga nan duk wata sai su saki labule, ni ina tsakar gida ina tsintar wake ina jin dariyarsu. Ashe a bayan labulen nan take zazzage mata duk abin da jikinta ke ji. Da uwata ake karatun da za a kayar da ni, kuma wallahi na ji haushi har ƙashina.

A Maraɗi muka zauna jarrabawar. Babbar tambaya a kan wata dattijuwa ce mai karɓar allurar wata, wadda ta koma ba ta iya zama wuri ɗaya, sai kai da kawo. Me za a yi mata? Na rubuta cewa ciwon ne ya motsa, a ƙara magani. A mota muna dawowa na faɗa wa taubashiyata amsata, ta dube ni da mamaki, ta ce ai maganin ne ke hana ƙafa zama, ragewa ake yi. Ta ce ko na manta damanar bara, lokacin da Gwaggo ke ta zagayen tsakar gida, har ita ta kira lokotoro ya rage mata?

Ban manta ba. Duk sanda na zauna kusa da Inna a damanar nan sai ta miƙe ta nufi madafa, ta dawo, ta sake miƙewa. Ni na ɗauka ni take gudu, kamar kullum, har na daina zama don in bar ta ta huta. 

Ita ta ci. Na raka ta tasha, na yi mata fatan alheri da baki, ta ce in riƙe mata gyambunanta amana.

Da wata ya cika babu mai yi sai ni. Na tsaya bakin ƙofa da sirinji har ƙafata ta gaji kafin Inna ta kwanta ta juya fuskarta bango. Na yi allurar, na danna auduga. Ina tattara kaya sai na ji tana magana da bangon.

"A hwaɗa ma mai allura, bakina na bushewa da sahe."

Na koma na zauna bakin gadon, ban taɓa zama nan ba. Na tambayi bangon ko wuyan fa, ko ƙafafun. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama sai ta ce hannun waccan ya fi sanyi, ta tambayi bangon yaushe za ta dawo.