Saniya Ta Sake Kwanciya A Lungunmu

Shekara bakwai ke nan da aka fita da Yaya Issaka daga gidanmu na unguwar Maamobi a kan makara, ranar jajibirin Babbar Sallah. Tun daga lokacin ban sake jin kukan raguna a lungu na ji daɗi ba. Ni ce ƙanwarsa Ramatu, wadda ke bi masa, malamar firamare. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan dafa abinci in raba, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da na gani a ƙofar gidanmu makon jiya.

Yaya likitan dabbobi ne, yana bincike a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke bayan gari. Mma, mahaifiyarmu, har ta koma ga Allah tana mitar cewa ta tura ɗanta ya karanto likita, ya dawo mata da likitan awaki. Unguwa ta ɗauka, aka laƙaba masa Dokta Akuya, shi kuma yana amsawa har da ɗaga hannu. Mutum ne da ba ya iya wuce rago a ɗaure sai ya tsuguna ya buɗe masa baki, ya leƙa kunne, ya ɗaga wutsiya. Wankin hannunsa kuwa ya ishe mu, har Mma ta koma ɓoye sabulu a cikin kwanon gari. Mun sha yi masa dariya, kuma yau babu abin da nake kewa kamar wannan fitinar tasa.

Abin da ke cin ransa abu ɗaya ne. Duk shekara kafin layya manyan motoci na sauko da shanu da raguna daga arewa, wasu sun ƙetare iyaka biyu ko uku kafin su iso. Ana sauke su, a kora su cikin lungunan Nima da Maamobi, a ɗaure su a jikin tagar mutane, kusa da mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin kwatar da yara ke tsallakawa. Babu mai tambayar inda suka kwana a hanya, ko abin da ya kashe wadda aka jefar a daji. Yakan ce ba ya neman abu mai yawa. Yana son shinge a bayan gari inda dabbobi za su huta a duba su kafin su shigo cikin mutane. Yana son a samar da gwaji mai sauƙi da za a iya yi a gindin mota. Sannan a gyara musu ɗakin aikinsu, domin akwatin gilashin da suke buɗe jini a ciki, mai zuƙe iska don kada mutum ya shaƙi cuta, ya daɗe da mutuwa.

Neman kuɗin wannan aikin shi ya tsufar da shi tun bai kai hamsin ba. Ya je wajen masu kula da lafiya, suka ce ai maganar dabbobi ce, ya nufi masu noma. Ya je wajen masu noma, suka ce tunda mutane yake tsoron su kamu, maganar asibiti ce. Wasu baƙi daga waje sun taɓa ba da tallafi na ɗan lokaci, aka yi taruka a otal, aka ɗauki hotuna, tallafin ya ƙare daidai lokacin da aikin ya fara nuna wani abu. Na tuna wata rana ya dawo a trotro, motar haya, rigarsa ta jiƙe da gumi, ya zauna a kan turmi ya ce mini, "Ramatu, ranar da mutane suka fara faɗuwa za ki ga kuɗi kamar ruwa. Ni kuma so nake kada su faɗi, shi ya sa babu mai saurarata."

Wanda ba ɗan Zongo ba, wato unguwanninmu na Musulmi, zai buƙaci in yi masa bayanin wata al'ada tamu. Idan dabba ta kwanta aka ga alamar ba za ta tashi ba, ana gaggawar kai mata wuƙa tun da sauran numfashi, don kada ta zama mushe. Mai ita ya riga ya yi asara, ba ta yi layya ba, ba ta shiga kasuwa ba, sai ya mayar da asarar lada: a fede ta, a raba naman sadaka gida-gida. Al'ada ce mai kyau a fuska, ta ciyar da marayu da yawa, ni ma na ci irin naman nan tun ina yarinya. Kuma idan aka kawo maka kwanon naman, ba a mayar da shi. Wanda ya mayar ya nuna ya fi ƙarfin maƙwabtansa ke nan, za a daɗe ana faɗa.

A shekarar da Yaya ya rasu, wata saniyar wani Alhaji mai fataucin shanu ta kwanta a lungunmu. Aka kira Baba Seidu mahauci, aminin mahaifinmu, ya zo da wuƙarsa da dutsen wasawa. Allah ya sa Yaya na gida. Ya fito ya duba, ya ga cikinta ya kumbura, jini baƙi na tsiyaya daga hancinta. Na ga fuskarsa ta canza. Ya kori yara, ya ce kada kowa ya taɓa ta, ya ce yana zargin ciwon saifa ne, wanda ke kama mai yanka da mai fiɗa da mai wanke nama tun kafin a kai ga tukunya.

Baba Seidu ya ce, "Dokta, kai ma kraa! Saniya ya gaji da hanya ne kawai. Matsa in yanka shi kafin ya tafi."

Yaya ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Yau sai dai ka fara da ni."

Ya tsaya tsakanin wuƙar da wuyan saniyar, bai ɗaga murya ba, bai kuma matsa ba. Ya san abin da yake yi. Ya san babu takardar da zai nuna wa mutanen nan su bar nama, amma ya san babu Musulmin da zai ci mushe. Don haka ya yi ta ba su haƙuri yana jan lokaci, ana zaginsa, Alhaji na rantse-rantse, har saniyar ta shure da kanta. Nan take naman ya haramta ga kowa. Ya ɗebi ɗan jini daga kunnenta, ya nemo mota aka kai gawar bayan gari aka binne ta da zurfi.

Unguwa ba ta yafe masa ba. Aka ce ya hana talakawa nama, ya hana Alhaji lada, ya tozarta dattijo a gaban yara. Masu ce masa Dokta Akuya da dariya suka koma kau da kai idan ya wuce. Shi kuwa ya tafi da jinin nan ɗakin aikinsu, ya yi ta aiki a kansa a gaban akwatin da ba ya zuƙar iska, da safar hannun da suke wankewa su shanya su sake sakawa. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama shi. Shi kansa da farko ya ɗauka gajiya ce. A asibiti aka ce zazzaɓin sauro ne. Da ƙirjinsa ya riƙe, numfashi ya fara gagararsa, ya faɗa wa likitoci abin da yake zargi, suka canza magani, suka yi iya ƙoƙarinsu, amma lokaci ya ƙure.

Ba zan ce jinin saniyar nan ne ajalinsa ba, ba ni da hujja. Babu wanda ke da hujja, domin gwajin da zai tabbatar yana cikin abubuwan da ya yi shekaru yana nema wa kuɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar da na ji a wajen zaman makoki, a bakin mata biyu da ba su san ina bayansu ba. Ɗaya ta ce alhakin marayun da ya hana nama ne ya kama shi. Ɗayar ta ce, to ai ga shi babu wanda ya yi ko ciwon kai a lungun, ashe dama lafiyar saniyar ƙalau. Na so in juya in ce musu babu wanda ya yi ciwo ne saboda babu wanda ya ci. Na kasa, kuka ya ci ƙarfina.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo yau. Bayan tafiyarsa duniya ta ga annobar korona, muka jera bokitai masu famfo a ƙofar masallatai da makarantu, kowa ya zama mai wankin hannu, har na ce a raina da Mma na nan da ta fito masa da sabulunsa. Kuɗin da ya ce za su zo kamar ruwa sun zo, sun kuma wuce. Bokitan yanzu ana jiƙa wanki a ciki. Motocin shanu sun ƙaru, gidaje sun ƙara matsewa, har ta waya ake cinikin rago a kawo maka ƙofar ɗaki. Shingen da ya roƙa babu shi. Wani abokin aikinsa da na haɗu da shi a kasuwar Agbogbloshie wajen sayen doya ya faɗa mini an kulle ɗakin nasu. Firjin da suke ajiye jinin dabbobi yana ciki, wuta ta ɗauke masa ba sau ɗaya ba, kuma babu kuɗin gwada abin da ke ciki, babu na ƙona shi yadda ya kamata. An dai sa kwaɗo an tafi. Tun ranar da na ji wannan, ƙofar nan ba ta bar zuciyata ba.

Makon jiya na taso daga makaranta na tarar da taro a lungunmu. Wata saniya ce ta kwanta, kusan a inda waccan ta kwanta. Cikinta a kumbure. Baba Seidu ya tsufa, bayansa ya ranƙwafa, amma hannunsa na nan. Na jefar da jakata na kutsa na tsaya inda Yaya ya tsaya. Ni ba likita ba ce, kuma mace ce a tsakiyar maza. Ba su ma zage ni ba. Wani ya ce, "Madam, shiga gida, wannan ba aikin sukuul ba ne, ba a aji kike ba," aka janye ni a hankali kamar mai taɓin hankali. Ina ji ina gani aka yanka. Jinin baƙi ne, ya ƙi daskarewa, ya bi gangare ya shiga kwata. Na kira ofishin da ya kamata, wata baiwar Allah ta saurare ni da kyau, ta ce ta rubuta, amma motarsu ba ta tashi, kayan ɗibar jini kuma sun ƙare, sai bayan Sallah.

Da la'asar Baba Seidu da kansa ya yi sallama, riƙe da kwano an rufe da faifai. Girmamawa ce babba dattijo kamarsa ya kawo da hannunsa.

Ya ce, "Ramatu, ga rabon gidan abokina. Abin da ya wuce ya wuce. Mun yafe wa Dokta."

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na gode, Allah ya saka. Amma ba zan karɓa ba. Don Allah ka je asibiti a duba hannunka."

Tun da aka gina gidan nan ba a taɓa mayar da kwano daga ƙofarsa ba. Baba Seidu ya ce, "Jininku ɗaya ne da Dokta," ya juya. Ina tsaye ya shiga gidan da ke jikin namu, wajen Zuweira, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Na bi shi, na roƙe ta, na ce zan saya mata kaza gobe. Ta ce, "Anti, tun azumi yaran nan ba su ga nama ba. In ce musu me?" Ɗanta ƙarami na riƙe da gefen kwanon yana leƙe. Kafin magariba ƙamshin suya ya cika lungu daga wannan kai zuwa wancan.

Masu riƙe da kuɗin bincike, idan wannan ya kai gare ku, ba gini nake roƙa a sa wa sunan yayana ba. Ku gyara akwatin nan, ku buɗe ɗakin nan, ku biya mutumin da zai tsaya a gindin mota da abin gwaji a hannunsa. Bai kamata lafiyar unguwa guda ta rataya a kan ko akwai mai taurin kan da zai tsaya gaban wuƙa ba. Mun taɓa samun guda ɗaya, mun kuma binne shi.

Na zauna na auna abin da ya rage na Yaya Issaka. Bincikensa na bayan kwaɗo. Sunansa a unguwa sunan wanda ya hana mutane nama ne. Yaran da ya kora daga jikin waccan saniyar sun girma, wasu na jami'a, wasu na tuƙa mota, babu wanda ya san yana da abin gode masa. Abin da ya bar mini ni kaɗai shi ne tsoro, da sanin abin da zan faɗa wa likita.

Tun ranar da aka raba naman nan nake kasa kunne ta bango kowace safiya, ina sauraron hayaniyar yaran Zuweira. Yau ban ji muryar ƙaramin ba. Na leƙa, na same shi kwance a tabarma, jikinsa zafi rau, yana riƙe da ciki. Zuweira ta ce, "Ba komai Anti, zazzaɓin sauro ne."

Haka aka ce mana shekara bakwai da suka wuce. Na ce ta ɗauko mayafinta, ni zan goya shi.