Ranar da Yayana Ya Sa Kyautar Baƙi Uku a Lokaci Ɗaya

Ba zan manta da wannan rana ba har in koma ga Mahaliccina. Gab da azahar ne, cikin bazara, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Waɗanda ke zaune a gindin gawon da ke bakin rijiyarmu ta Dakoro su ne: yayana, wanda shi ne mai gari, madugun Buzaye, arɗon Fulani, wani farke mai kai jakuna Gwanja sayen goro, sai ni.

A shekarar rijiyoyin wajen Korahane sun ƙafe, tamu kaɗai ke da ruwa. Raƙuma, shanu da jakuna duk suka taru a kanta, har an fara zare takubba. Aka sa rana domin yayana ya yanke wanda zai riƙa fara shayarwa. In zaman ya watse ba a yanke ba, jini za a zubar, kuma a ƙofar gidanmu.

To, al'adarmu ita ce, in baƙo ya ba ka tufa, ranar da zai zo wurinka sai ya gan ta a jikinka. In bai gani ba, ka raina shi. Mutanen nan uku kuwa kowa ya aiko da tasa. Ni na shirya yayana, kuma bisa tsari na yi. Da farko wando. Sannan walkin fata na arɗo, irin wanda makiyaya ke ɗaurawa a ƙugu. Bisa wannan babbar rigar yayana ta saƙi, domin mutanen gari su ga nasu. Bisa riga zanen Gwanja mai kauri na farke, wanda mazan can ke naɗawa su jefa a kafaɗar hagu, su kam ba riga a ciki. Sannan rawanin turkuɗi na madugu, na ja amawali na rufe baki da hanci, sai idanu. Daga ƙarshe malfar arɗo a bisa rawanin. Mutum biyu suka kama shi ya miƙe.

Da muka iso, arɗo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ina Maigarin?"

Na ce, "Ga shi gabanka."

"Wanga Buzu ne ya sace mini malfa. Ina walkina?"

Sai da na ɗaga zane, na ɗaga riga, na nuna masa walkin a gaban jama'a. Madugu kuma ya ce bai taɓa ganin an ɗora kwandon kaba bisa turkuɗi ba, sai yau. Farke ya ce zanen ya karkace, ya taso ya ƙara matse shi.

Aka buɗe magana. Yayana ya fara jawabi, amma ta cikin amawali ba a jin komai sai gunaguni. Ya kai hannu zai sassauta, madugu ya yi gyaran murya, domin a wurinsu babba ba ya buɗe baki gaban manya. Ya mayar da hannu. Zufa ta narkar da shunin rawanin, ya gangaro ya rine masa idanu da wuya. Ina kallo ya jingina da gawo, ya sulale a hankali, ya kwanta kamar buhun gero. Malfar ta gangara.

Na ce a tuɓe masa kaya. Duk suka yarda. Tambayar ita ce, na wa za a fara cirewa?

Madugu ya ce, "Zanen nan ne ya shaƙe shi. A fara da shi."

Farke ya ce, "Haba, Madugu, numfashi ta kafaɗa ake yi? Hancinsa ka toshe."

Arɗo ya ce, "Ni dai tawa ta faɗi da kanta, kuma ban yafe ba. A mayar masa."

Kuma wallahi aka mayar. Dattawa uku masu furfura suna tsaye kan mutum sumamme suna gyara masa malfa. Ni kaina na tsaya ina lissafin cewa tunda malfa ce ta ƙarshen sawa, ita ce ta farkon cirewa, arɗo kuwa ya ce sai dai a kan gawarsa.

Ana haka innarmu ta taho daga rijiya da guga cike. Tsohuwa ce, ba ta jin tsoron rawani. Ba ta gaida kowa ba. Ta sheƙa wa yayana ruwan, ta fisge malfa da rawani a tare da hannu ɗaya, zane da ɗaya hannun, ta ce mini, "Kai kuma ja rigar, kana tsaye kamar turke." Ta kwance walkin da kanta. Ta tara kayan ta miƙa mini, ta cire mayafinta ta yafa masa.

Yayana ya farfaɗo, fuska shuɗiya, jiki cikin mayafin tsohuwa mai ƙanshin daddawa. Baƙin suka dubi juna. Ba na kowa a sama, ba na kowa a ƙasa, don haka ba wanda aka raina. A haka ya zauna ya yanke: shanu da asuba, raƙuma da hantsi, jakuna da yamma. Murya ta fito sarai. Suka amsa, aka shafa fatiha, ba a ƙara zare takobi ba a shekarar.

Abin da na koya shi ne, kowace ƙasa ta ɗinka tufarta ne daidai da ranarta da jikin mutanenta, kuma jiki ɗaya ƙasa ɗaya yake iya ɗauka. Saboda haka ina roƙon mai karanta wannan: in baƙi biyu suka ba ka tufa, ka sa wa kowa ranarsa daban. In kuwa dole ta haɗa su, ka tabbata mahaifiyarka tana kusa da rijiya.