Alƙalin Waƙa a Bakin Kasko

Kafin mawaƙin nan ya yi suna, a ɗakin zaurenmu yake zaune, nan Ƙofar Kwaya. In ya rubuta waƙa, sai ya rera ta da yamma, ƙofa a buɗe. Da safe ya kasa kunne, lokacin da Inna ke suyar ƙosai. In ta rera amshin ƙasa-ƙasa, ya nufi situdiyo. In ya ji shiru, ya yayyaga takardar.

Yanzu ana jin shi har Nijar, amma ni yake fara turo wa sabuwar waƙa, in kunna mata. Kullum sai ta yi tsaki, wai ita ba ta sauraren shirme. Washegari in laɓe bakin madafi, sannan in kira shi: "Ta ɗauka, saki abinka."