Umara, Mai Juya wa Tele Baya

Kullum da hantsi Ba Umara, wato Baba Umara a bakin Kanuri, yakan share rumfarsa ta kwano da ke bayan kasuwar tattasai, ya jera benci, ya duba man janareta, domin wutar Diffa ba ta yi wa kowa alƙawari ba. Sai ya zauna shi kaɗai ya kalli fim ɗin da zai nuna, daga farko har ƙarshe. In 'yan kallo sun taru, yakan ajiye kujerarsa a gefen tele, ya juya mata baya, ya fuskanci mutane. Hannunsa na kan maɓallin sauti, bakinsa na fassara. Indiyanci ya shiga kunnensa, ya fito da Kanuri da Hausa. Bai iya Indiyanci ba, kuma ban taɓa jin wanda ya kai ƙara ba.

Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Wayoyi sun kwashe 'yan kallo, idonsa kuma ya gaji. Ba za a ba shi takardar yabo ba, tunda babu ofishin da ya san yana aiki.

Shekarar da mutanen Bosso da Yébi suka gudo daga hare-haren 'yan bindiga suka cika garin nan da ƙullin kaya a ka, Umara ya ware yammacin Laraba ga mata. Cikin masu zuwa akwai Ya Gumsu, wadda ta fito daga Yébi da 'ya'yanta, mijin kuwa bai fito ba. Ƙanwarta Hanifa ce ta jawo ta. Gumsu ta daina fita ko'ina. Ko murfin tukunya ya faɗi, sai a tsince ta kwance a ƙasa. Ga yara na jiran abinci, ga kasuwa ta gagare ta shiga.

Hanifa ta ba ni labarin ranar farko. Ana cikin kallo aka harba bindiga a fim. Gumsu ta zube tsakanin benci, ta rufe kai da gyale. Umara ya kashe tele, ya aika aka kawo ruwa, bai tambaye ta komai ba. Tun ranar yake fara kallon kowane fim shi kaɗai. Ya san inda harbi yake, kafin a kai wurin ya rage sauti, ya cike gurbin da bakinsa: ga mugu ya ɗaga hannu, ga yaron kirki ya faɗi, Allah ya jiƙansa, bari mu ga yadda uwarsa za ta ji. Ba ya ɓoye mutuwa. Ƙarar kawai yake cirewa.

Da ya fara yin haka har a kallon maza, samari suka yi fushi, da yawa suka koma wata rumfa mai manyan lasifika. Mamman Sani mai gyaran rediyo, maƙwabcinsa, ya ce mini ya ba shi shawara ya bar wa maza ƙararsu kada ya kashe sana'arsa. Umara ya amsa masa cewa shi ne ke fuskantar su, kuma cikin samarin akwai masu damƙe benci, kunya ce kawai ke hana su faɗuwa.

A lokacin ana ta tarurruka a otal kan lafiyar zuciyar 'yan gudun hijira. Na halarci wasu. An ci abinci mai kyau, an tafa. Ban ce ba a yi komai ba, amma Gumsu ba ta san hanyar otal ba.

Ta ci gaba da zuwa rumfar. Da farko a bakin ƙofa take tsayawa, ta fice kafin a kai rabi. Daga baya ta zauna a bencin ƙarshe. Umara yana ƙara sautin kaɗan-kaɗan, idonsa kan hannuwanta. In ta damƙe gyale, ya rage. Wata Laraba bayan damina, kafin a kunna, ta matso kusa da shi.

“Ba Umara, yau cire hannunka daga abin nan.”

Ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce yara ba za su ci tsoronta su ƙoshi ba. Ya cire hannu, ya ɗora a gwiwa. Harbi ya cika rumfa. Ta zauna har ƙarshe, gumi ya jiƙa mata wuya. Da aka tashi, Hanifa ta tambaye ta yaya ta ga fim ɗin.

“Masu fim ɗin nan ba su taɓa jin bindiga ba,” in ji ta. “Tasu har daɗin ji gare ta.”

Satin da ya biyo ta shiga kasuwa. Yau tana sayar da tattasai a inda manyan motoci ke lodi, tsakiyar hayaniya.

Ba Umara, kai ne ka yarda rumfarka ta rage cika don wata baiwar Allah ta iya zama a ciki. Kai ne ka shekara da shekaru kana kallon fuskokin mutane, kowa kuwa na kallon gilashin tele. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba idonka hutu.

Mu da muka rage, kowa ya sunkuya kan wayarsa, babu mai rage wa wani sauti. Ba na roƙon kowa ya buɗe rumfa. Amma gobe in an turo maka bidiyon abin da ya faru a bakin kogin Komadugu, kafin ka miƙa wa na kusa da kai, tambaye shi daga wane gari ya fito.