Gwalo a gaban Baba Malam

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu na cewa aure ne ya ɓoye ni a Hunkuyi. Jinya ce ta ɓoye ni.

Da tari abin ya fara. Na ce mura ce, na sha maganin kemis. Sai numfashi ya soma gagarata, ko alwala na yi sai na zauna na huta. Daga asibitin garinmu aka wuce da ni Zariya, aka ce ciwon huhu ne. Aka zura mini bututu ta baki, na'ura ta karɓi numfashina. Masarar da muka noma bana duk a can ta ƙare.

Ashe cire na'urar ya fi sa ta wuya. Likita ta gaya wa maigidana cewa in an yi gaggawa zan iya shaƙewa, in an daɗe kuma wata cutar za ta shiga. Don haka da safe sukan rage ƙarfin na'urar su ga ko zan ja numfashi da kaina, sannan su gwada ko ina cikin hayyacina: in buɗe ido, in ɗaga kai, in fito da harshe.

Na ci gwajin numfashi. Sauran ne suka kayar da ni.

Likita ta ce a shigo da mutum ɗaya wanda na san muryarsa. Maigidana ba zai shiga gaban mahaifinsa ba, sai aka shigo da surukina, Baba Malam, wanda ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka kawo ni gidansa.

Ina jinsa sarai yana cewa in fito da harshe. Ni, in yi wa Baba Malam gwalo? Sai na ƙara runtse ido. Maganin barci bai gama sakina ba, ban gane abin da nake jawo wa kaina ba.

Washegari ma haka. A gabana likita ta ce tunda ba na amsawa, sai dai a huda maƙogwarona a mayar da bututun can. Tsoro ya kama ni, hawaye ya zubo, amma wallahi na kasa.

Can sai na ji motsin rigar Baba Malam.

"Na juya na kalli bango, 'yata. Ba na ganinki. Yi abin da suka ce."

Na buɗe ido, bayansa kawai na gani. Na zaro harshe iya tsawonsa. Da azahar aka cire bututun.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, da duk wanda ya sa ni a addu'a. Don Allah kada ku zauna da tarin da ke taɓa numfashi. In kuma an ce a shiga wurin marar lafiyarku, ku tura wanda ba ya jin nauyinsa, ba babban gida ba.

Baba Malam bai taɓa tayar da zancen ba. Sai dai ranar da na fara kai masa abinci bayan an sallame ni daga asibiti, na durƙusa, na ce zan sha maganina a ɗaki. Ya ce in sha a nan, ya juya ya kalli bango.