Ramar da na saya wa fanka

Shekarun baya, lokacin da nake neman auren matata, saura ƙiris in rasa ta saboda rama. E, ramar nan dai da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli.

Na gama karatu na dawo gida Illela, aiki bai samu ba, sai na faɗa kallon bidiyon noma a waya. A nan na ga mutane suna shuka a cikin ruwa zalla, a cikin ɗaki, babu ƙasa ko cikin cokali. Abin ya shiga raina, don a garinmu in bazara ta kama, ɗanyen ganye sai mai hali, ruwa kuwa sai ka bi 'yan garuwa da lallashi. Akwai wani ɗaki a ƙofar gidanmu da marigayi mahaifina yake tara buhunan wake kafin a tsallaka da su Kwanni. Na share shi, na jera bokitan fenti, na huda murafensu, na sa guntun soso ya riƙe kowace shuka, saiwarta na lilo a cikin ruwan da na narka wa taki. Na haɗa ɗan famfon da ake hura wa kifi iska, na rataya wata fitila mai haske ja-ja shuɗi-shuɗi, na ɗora sola a kan rufi.

Latas na fara gwadawa, zafi ya dafa shi tun yana jariri. Tumatir ya yi tsawo siriri kamar tsinken tsintsiya, ya kwanta bai sake tashi ba. Da na ga haka na ce bari in koma ga 'yar gida wadda ta san wahalar garin nan, na sayo irin rama a kasuwa. Ita kam ta karɓa. Saiwa ta fito fara tas, ganye ya yi ta buɗewa. Ni ganyen nake so, ba fure ba, don haka kullum ina datse mata kai don ta yi rassa ta cika. Har ƙaramar fanka na saya mata, alhali ni ɗakina mafici nake yi da kwali.

Ƙofar kuwa kwaɗo na garƙama mata. Dalili, a baya na taɓa kiwon kaji suka mutu a sati guda, 'yan majalisarmu suka laƙaba mini Manaja, kuma sunan ya zauna daram. Ban shirya ba su wani abin dariyar ba sai na ga abin ya kankama.

Wanda ya san rama ya san tana ƙarama ganyenta a dunƙule yake, in ta tasa sai ya rarrabu kamar yatsun hannu. To a daidai wannan matakin ne wani abokina direba, mai lodin Kudu, ya zo nemana bai same ni ba, ya leƙa ta tsagar taga. Ya ga ganye mai yatsu, ga baƙon haske, ga fanka na kaɗawa, ga kwaɗo a ƙofa. Kafin la'asar majalisa ta gama yanke hukunci: Manaja wiwi yake nomawa.

Da labari ya zo mini na tafi majalisar a fusace, na ce musu rama ce, duk mai shakka ya taso mu je. Babu wanda ya motsa. Abokin nan nawa ya kalle ni ya ce, "Manaja, mu hwa ba yara ba ne. Wa ka taɓa ji ya sai wa rama hwanka?" Aka fashe da dariya.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma a garin kan iyaka irin namu, in aka haɗa sunanka da kayan maye, ba ya wankuwa da wuri. Kuma a daidai lokacin ne dangin yarinyar da nake nema suke binciken halina kafin su ba mu ranar kai gaisuwa. Duk wanda suka tambaya sai ya ce yaron kirki ne, amma fa akwai wani ɗaki. Sai suka ja baya. Ita kanta ta kira ni tana kuka, ta ce mahaifinta ya ce a dakata, kuma kada in sake zuwa zance. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Na buɗe ɗakin da niyyar tumɓuke komai in watsa wa awaki. Na kama bokiti na farko ke nan mahaifiyata ta shigo. Ita tun ranar da maganar ta fito ta sa na buɗe mata, ta gani, ta san abin da ke ciki, sai dai shaidar uwa a kan ɗanta ba ta da kasuwa. Ta ce, "Aje shi. In ka tuge ta yau, gobe cewa za a yi ka ɓoye. Bar ta nan ta yi ta girma, mai son gani shi zo shi gani." Na ajiye, ba don raina ya so ba. Na ci gaba da canja mata ruwa ina datse kai, ina harararta kamar ita ta kai ni ƙara.

Ashe ƙanen mahaifin yarinyar bai gamsu da ji-ta-ji-ta ba. Dattijo ne manomi a Araba, nan kusa da garinmu, irin mutanen nan da ba sa sayen akuya sai sun buɗe bakinta. Wata safiya sai ga shi a kan tsohon babur ɗinsa, ba sanarwa. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, ɗakin nan da anka hwaɗi niz zo gani. Buɗe."

Na buɗe. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in kashe fitilar in buɗe taga. Da hasken rana ya shigo, ya matsa, ya shafa karan, ya tsinki ganye ya jefa a baki. Ya tauna, tsami ya sa ya runtse ido ɗaya. Ya ce, "Wagga ai rama ta."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Amma bai gama ba. Ya ɗaga murfin bokiti, saiwa ta biyo shi fara sol tana ɗigar ruwa. Ya leƙa ciki, ya sa hannu har gwiwa yana lalube. Ya ce, "Ina ƙasar?"

Na ce, "Babu, Baffa. Ruwa ne da taki kawai."

Ya mayar da murfin ya kalle ni. Sannan ya ce, "To na yarda ba ka noma wiwi. Amma hwaɗa mini tsakaninka da Allah, ba ka sha nai?"

Mahaifiyata da ke laɓe a bayan ƙofa ta kasa riƙe dariya. Ni ma na yi, shi ma ya yi. Daga nan ya zauna a kan jarka ya shiga yi mini tambayoyi irin na manomi: ruwa nawa take sha, me zai hana saiwar ruɓewa, in babu fitila za ta yi a inuwar rumfa? Da na nuna masa ɗan ruwan da nake ƙarawa a sati, ya jinjina kai, don shi rijiyar lambunsa tun kafin tsakiyar bazara take ƙafewa. Can ya miƙe ya ce, "Ba ni guda. Yayana ba shi jin magana sai ya gani da ido nai."

Na ɗaure masa bokitin a bayan babur, ramar ta fi kansa tsawo. Na zaci hanyar gidan yayansa zai miƙa, sai ya ce in hau nawa in biyo shi, in nuna masa inda muke zama. Haka muka ratsa gari, ganye na kaɗawa a bayan dattijo, mutane na tsayawa suna nuna mu. Ya faka a gaban majalisarmu, ya yi sallama, ya ce, "Wane na mai idon da yag gani?" Kowa ya juya ya kalli direba. Baffa ya tsinko ganye ya miƙa masa ya ce, "Tamna." Ya tauna, fuska ta yamutse. Baffa ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tsallake, har da mai shayin da ba ruwansa. Da ya gama ya ce, "Duk wanda yaj ji ya bugu shi hwaɗi, in kai shi gida."

Babu wanda ya ɗaga kai. Ni kuwa ina tsaye a gefe, na harɗe hannu, ina jin kamar a ranar aka haife ni.

Kwana kaɗan bayan haka aka aiko mu kai gaisuwa. Direba da kansa ya ɗauki kawunnaina a motarsa, ya kuma ƙi karɓar ko na mai. Mun shirya tuni, sai dai har gobe in ya cika ni da surutu nakan tambaye shi ko in tsinko masa ganye.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, ɓoyon da na yi don gudun dariya shi ya jawo mini abin da ya fi dariya ciwo. Yanzu rumfar shukata a buɗe take, mai wucewa ya leƙa ya yi tambaya, ya yi dariyarsa in ya ga dama. Kuma duk lokacin da aka ce in yi binciken wani yaro mai neman aure, ba na tsayawa a majalisa, gidansu nake zuwa in ce a buɗe mini. Da Baffa ya zauna a Araba ya yarda da abin da ya ji, da uwar 'ya'yana tana gidan wani yanzu.